Ranar da Na Ƙi Buɗe Ƙofa

Saudatu ce ta jawo wannan babin. Ta dawo daga bikin 'yar Baffanku Hamisu a Daurawa idonta jajir, ta ce wata tsohuwa ta nuna ta da baki a tsakar gida ta ce, ga 'yar wanda ya sayar da ƙaninsa. Ni kam na gaji. Shekara goma ke nan ana ba da labarina a gidajen biki da zaman makoki, kowa da irin gishirin da yake ƙarawa, ni kuwa mai labarin ina zaune a Gyaɗi-Gyaɗi ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye ni. To yau zan faɗa, ku karanta, ku ajiye wa 'ya'yanku. Ban sayar da kowa ba, kuma ba afuwa na zo nema a takardar nan ba.

Sai na fara daga kakanku, Malam Audu Masinja, don shi ne tushen abin. Yana saurayi ya yi aikin masinja a majalisar dokoki a Kaduna, a zamanin da ake da firimiya, lokacin da 'yan majalisa ke fitar da shugaban gwamnati daga cikinsu, su ne kuma ke sauke shi in ya gaza. Aikinsa kai takarda daga wannan benci zuwa wancan. Ko harafin boko ɗaya bai iya ba, amma Allah ya ba shi kunne. Da aka rufe majalisar ya dawo Kano ya kama sayar da goro, ita kuwa ba ta fita daga kansa ba har ya mutu. A gidanmu ko rabon naman Sallah za a yi sai ya kifa turmi ya zauna a kai ya ce an buɗe zama, ni da ƙanina Hamisu muna ƙunshe dariya, Inna tana jan tsaki daga madafi. Wanda ya fi burge shi a duk majalisar shi ne Kakaki, mutumin da ke kujerar sama yana ba da izinin magana.

"Kakaki ba shi da jam'iyya," in ji shi. "Ranar da ya hau kujera ya tuɓe ta a bakin ƙofa. Ba ya jefa ƙuri'a. In an yi kunnen doki, nan ne kaɗai zai sa hannu, kuma ba son ransa zai bi ba. Zai bar abu yadda ya same shi."

"To Baba, in abin da ya samu ɗin ba shi da kyau fa?" Hamisu ne ya tambaya, don shi tun can ba ya barin magana ta wuce.

"Masu son canji su je su nemo mutum ɗaya su ƙara. Ba Kakaki ne zai zame musu mutum ɗayan ba."

Ban taɓa zaton wannan hirar za ta bi ni har tsufa ba. Shekara talatin na yi ina tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya a asibitin koyarwa, na yi ritaya, zaman gida ya gagare ni, na sayi adaidaita sahu na shiga layi a tashar bakin ƙofar asibitin. Hamisu ya riga ni shiga sana'ar, shi yana tashar Daurawa. Ƙungiyarmu ta haɗa tashoshi biyar, tamu ta bakin asibiti, da Daurawa, da Darmanawa, da Babban Giji, da ta kasuwar Tarauni. Taron farko da na halarta da ciwon kai na dawo. Jama'a cike da fili, kowa na magana ba mai sauraro, wanda ya fi ƙarfin murya shi ya ci, in an tashi kuma kowa ya tafi da nasa labarin abin da aka yanke. Kun san ni da rashin iya shiru. A taro na uku na hau kan benci na ce wannan ba taro ba ne, kasuwar awaki ce, kuma ko awaki suna da dillali. Aka yi dariya, aka ce to Malam Isa, kai da ka iya, faɗa mana yadda ake yi. Na zazzage musu duk abin da na ji a bakin Baba.

Kowace tasha ta turo wakilai biyar, ashirin da biyar ke nan. Su za su zaɓi shugaban ƙungiya daga cikinsu, su ne kuma za su sauke shi da ƙuri'ar rashin amincewa in ya saɓa, da sharaɗin masu kawo ƙudurin su faɗi wanda zai gaje shi tun kafin a ƙirga. Sai Kakaki, wanda ba ya cikin ashirin da biyar ɗin. Muka samu aron aji a wata makarantar Islamiyya a Tarauni, ranar Alhamis da babu karatu, ƙarfe goma na safe bayan an gama jigilar 'yan makaranta. Ƙatti masu gemu a kan bencin yara, gwiwa na taɓa haɓa. Ba ma ɗaga hannu, don hannu yana da saurin sauka in mutum ya haɗa ido da maigidansa. Masu goyon baya su tsaya jikin bangon gabas, masu ƙi jikin na yamma, a ƙirga su da ƙarfi kowa na ji. Da aka zo zaɓen Kakaki aka ce ni. Na taɓa ba su labarin cewa a wasu majalisun sabon Kakaki ba ya tafiya kujera da ƙafarsa, sai an ja shi yana turjewa, don a nuna ba kwaɗayinta yake ba. Ai kuwa wannan suka riƙe. Hamisu ya kama hannuna na dama, wani ya kama na hagu, suka ja ni da gaske har takalmina ɗaya ya fita. Kafin in zauna na tuɓe rigar tasharmu mai lamba a baya na rataye ta a ƙusa a bakin ƙofa, kuma haka na riƙa yi kowace Alhamis.

Akwai doka guda da nake so ku riƙe, don a kanta komai ya rataya. Da farko in an zo ƙirga, ɓangaren da ya ga zai faɗi sai ya ciro waya ya fara kiran wakilansa da ba su zo ba, a ce a dakata ga wane nan a shataletale, ga wane yana shan mai. Ƙirga ɗaya ta taɓa kai mu azahar. Sai wani wakili ya miƙe ya kawo shawara: in za a ƙirga a buga ƙarfen makaranta sau uku, a jira minti biyar, a rufe ƙofa a sa sakata. Wanda ke ciki yana ciki, wanda ke waje yana waje, ko ɗan waye. Kowa ya tsaya bangon gabas, ba mutum ko ɗaya a yamma. Wakilin da ya kawo wannan dokar Baffanku Hamisu ne. Masu ba da labarina a gidajen biki ba sa kawowa nan.

Shugabanmu a shekarar da nake magana Alhaji Tanko ne, na tashar kasuwa. Zan faɗa a fili, ba na son mutumin, shi ma bai taɓa sona ba. Ya fara da kyau, sai kujera ta hau masa kai. Tashar bakin asibiti ita ce mai tsoka, don marasa lafiya da 'yan dubiya da ɗaliban jinya ba sa yankewa daga safe zuwa yamma. Tsarinmu shi ne duk sabon shiga yana da rana ɗaya a mako a wannan layin. Tanko ya soke, ya cika layin da 'yan garinsu. Waɗanda suka sha wuya su ne baƙi, samarin da suka baro ƙauyuka daga Rano da Gaya da Jigawa, suna tuƙa adaidaitar wasu, ba su da kowa a birni. Na sha ganinsu suna zagaye fanko a cikin rana. Hamisu ya tsaya musu. Wata biyu ya yi yana bin wakilai ɗaya bayan ɗaya, wurin mai shayi, wurin mai faci, ƙofar masallaci, har ya haɗa mutum sha uku. Suka rubuta ƙudurin sauke Tanko, suka sa sunan Hamisu a matsayin magaji, suka kawo mini, na sa shi a zaman Alhamis mai zuwa. Wallahi na yi murna, na kuma yi alfahari da ƙanina. Ban dai nuna ba, shi kuma ya san dalili.

Ranar Laraba bayan la'asar na je gaida Inna a gidan Hamisu, don a can take zaune tun rasuwar Baba. Na tarar tana tsintar shinkafa a faifai. Ba ta bari na gama gaisuwa ba.

"Isa, an ce gobe ƙaninka zai zama shugaba."

"In Allah ya so, Inna. In mutanensa sun cika."

"An ce kai ne alƙalin."

"Ni tsare zama kawai nake yi."

"Kar ka soma yi mini maganar ubanku. Shekara arba'in na yi ina jin ta, ba ta taɓa tuƙa mini tuwo ba. Nono ɗaya kuka sha. In ya yi tuntuɓe ka tare shi, iyakar maganata ke nan."

Hamisu yana tsakar gida yana wanke adaidaitarsa, yana jin mu. Ya yi dariya.

"Inna, kwantar da hankalinki. Ba na buƙatar Yaya gobe. Sha uku gare ni, Tanko sha biyu. Yaya ya zauna ya ƙirga kawai."

Na ce, "Ka dai gaya musu su zo da wuri."

Alhamis ta zo. Ajin ya cika, waje ya fi cika, samarin nan baƙi sun jera adaidaitarsu tun daga bakin makarantar har titi, sun bar aiki don su ga yadda za ta kaya. Na rataye rigata, na zauna, aka buɗe da addu'a. Hamisu ya yi magana, ban taɓa jin ya yi mai kyau kamar ta ranar ba. Tanko ya yi tasa, rabinta zagi, sau biyu ina tsawata masa. Tun ana cikin muhawara na lura da gurbi ɗaya a bencin Darmanawa. Sale ne babu. Sale mutumin Hamisu ne na ƙut da ƙut, mutumin kirki kuma, amma yana da ciwon da kowane ɗan adaidaita ya sani: ba ya iya tafiya fanko. Daga baya muka ji yadda aka yi. Ya fito gida da wuri, wata tsohuwa da buhun gawayi ta tsayar da shi ta ce nan kusa za ta. Ya ce a ransa ai duk hanya ce. Nan kusan ta kai shi har bayan Na'ibawa, cikin lungun da sai da baya-baya ya fito.

Muhawara ta ƙare. Na tambaya ko akwai mai sauran magana, na sake tambaya, na ɗan ja lokaci fiye da yadda na saba, wannan kam na amsa laifinsa. Babu. Na ce a buga ƙarfe. Aka buga sau uku, na cire agogona na ajiye a kan tebur. Hamisu yana riƙe da waya a kunne yana leƙen taga, gumi na zubo masa. Ban taɓa ganin minti biyar mai gudu irin wannan ba. Da ta cika na ce wa Buba mai tsaron ƙofa ya rufe. Ya dube ni, ya dubi Hamisu. Na ce, Buba, rufe. Ya sa sakata. Mutane na tashi zuwa bango ke nan muka ji ƙarar birki da ihun samari a waje, sai bugun ƙofa.

"Ku buɗe! Sale ne! Na iso, wallahi na iso!"

Hamisu ya taho gaban tebur. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Yaya, ba a fara ƙirga ba. Minti ɗaya ne."

"A nan babu Yaya. Ka ce Kakaki."

"Kakaki, minti ɗaya ne."

"An rufe ƙofa, wakilin Daurawa. Koma bangonka."

Ku ji dalilina, don ba taurin kai ba ne kaɗai, ko da yake ina da shi. Wata uku kafin wannan ranar na bar mutumin Tanko a waje a kan wani ƙuduri da ya shafi tasharsu, shi ma da kaɗan ya makara, yana bugun ƙofar nan da hannu biyu, kuma Hamisu na cikin waɗanda suka tafa mini. In na buɗe wa Sale, mutum sha biyun da ke bangon yamma za su fita su ce Kakaki ya buɗe wa ƙaninsa ƙofa, kuma gaskiya za su faɗa. Daga ranar ƙungiya ta rabu biyu, Hamisu ya zama shugaban rabi, mu koma fili mu koma ihu. Duk wannan ya bi ta kaina ina zaune, Sale na bugu.

Aka ƙirga. Gabas sha biyu, yamma sha biyu. Na sa aka sake, haka dai. Ajin ya yi tsit, har Sale ya daina bugu, don na waje ma sun ji. Sai fuskokin bangon gabas suka fara washewa, wani ya yi kabbara a hankali. Sun tuna Kakaki yana da ƙuri'a in an yi kunnen doki, kuma Kakaki yayan Hamisu ne, kuma duniya ta san ba ya shiri da Tanko. Tanko kansa ya fara naɗe takardunsa. Mutum ɗaya ne a bangon gabas bai yi murmushi ba. Hamisu ne, don tun muna yara ya zauna gaban turmin Baba kamar yadda na zauna, ya san abin da ke tafe. Ya kafe ni da ido yana girgiza kai. Na miƙe tsaye.

"Masu son a sauke shugaba ba su kawo rinjaye ba. Kakaki ba ya ba da rinjayen da majalisa ba ta kawo ba. Ƙuri'ata tana tare da barin abu yadda yake. Ƙuduri ya faɗi. Mai son ya sake kawo shi yana da dama bayan wata uku, kamar yadda doka ta ce."

Ba zan rubuta sunayen da aka kira ni ba tsakanin ƙofar ajin da inda na ajiye adaidaitata. Wani daga cikin baƙin nan ya tsaya gabana hawaye na zubo masa ya ce, Baba, me muka yi maka? Wannan ta fi zagin yi mini ciwo. Wata bakwai suka ƙara suna zagaye a rana saboda ni. Ban manta ba, ba na kuma so ku manta. Tanko kuwa ya taho baki har kunne zai rungume ni a gaban jama'a. Na ce masa ya matsa, ba don shi na yi ba, da a bango nake gabas zan tsaya. Amma an riga an ga ya buɗe hannu. Daga nan labarin ya samo asali, wai ya saya mini sabuwar adaidaita. Wadda kuke gani a ƙofar gida, mai madubi ɗaure da waya, ita ce dai ta ranar. In wannan ce cin hancin, to an cuce ni.

Da yamma na tafi gidan Hamisu, don ban yi abin ɓuya ba. Ya ƙi fitowa. Inna ce ta fito.

"Na ce ka tare shi, sai ka hankaɗa shi."

"Inna, da na buɗe ƙofar nan..."

"Ubanku majalisarsa a kan turmi take, ba ta taɓa raba shi da ɗan'uwansa ba. Kai ka ɗauki wasan tsoho ka yanka ƙaninka da shi. Tafi, Isa. Ka gaida kujera."

Mahaifiyarku ma kwana uku tana ajiye mini abinci ba magana. A na huɗu ta ce, Malam, ni dai ban gane ba, amma na san ba ka karɓi komai ba, don da na gani. Iyakar goyon bayan da na samu ke nan a duniya, kuma ya ishe ni. Na aika wa Hamisu ta bakin Sale cewa ya jira wata ukun ya sake kawowa, wannan karon a ɗaure Sale a benci tun asuba. Da ya jira da ya ci, ina da yaƙini. Bai jira ba, zuciya irin ta gidanmu gare shi. Ya ajiye wakilci, ya sayar da adaidaitarsa, ya koma tuƙin motar kaya zuwa kudu, mutanensa suka watse.

Da wa'adin Tanko ya zo ƙarewa sai ya kawo ƙudurin a ɗaga zaɓe da shekara guda, wai ana tsakiyar gyara. Yana ganin ni nasa ne. Na ce doka ta sa ranar zaɓe, kuma mai kujera ba ya ƙara wa kansa kwana a kanta, ko karanta ƙudurin ban bari an yi ba. Aka yi zaɓe a ranarsa, Tanko ya sha ƙasa, wani mutumin Babban Giji ya hau, ya maido wa baƙi ranarsu a layin asibiti tun makon farko. Ni kuwa da aka zo zaɓen Kakaki ba wanda ya kama hannuna. Mutanen Tanko na jin haushina, mutanen Hamisu na jin haushina. Na sauke rigata daga ƙusa na sa, na koma layi. Har yau suna buga ƙarfen nan sau uku suna sa sakata, nakan ji daga titi in na wuce ranar Alhamis.

Inna ta sauko daga baya, uwa ce. Amma ba ta taɓa cewa na yi daidai ba, ni ma ban taɓa cewa na yi kuskure ba. Da ta rasu ni da Hamisu muka ɗauki makara ɗaya, shi gaba ni baya, muka zauna tabarma ɗaya muna amsa gaisuwa, in ban da sallama ba abin da ya haɗa mu. Shekara bakwai muka yi a haka. Kun sha tambayata me ya sa ba ma zuwa Daurawa da Sallah, ina ce muku hanya ta yi cunkoso.

Shekara uku da suka wuce aka ce mini an kwantar da shi a asibitin koyarwa, ciwon hanta. Kwana biyu ina sauke 'yan dubiya a ƙofar gidan da ƙanina ke ciki, na kasa shiga. Rana ta uku na yi niyya. Lokacin dubiya daga ƙarfe huɗu ne zuwa shida. Na zagaya shataletale ya fi sau uku ina shirya abin da zan ce, da na isa ƙofar ɗakin, ƙarfe shida ta ɗan gota, mai gadi ya ja ƙofa. Sabo ne, bai san ni ba. Ya ce, Baba, lokaci ya wuce, sai gobe. Shekara talatin na yi a gidan nan. Ma'aikaciyar jinyar da ke shugabantar ɗakin ni na ɗauko ta a motata ranar haihuwarta ta fari. Kira ɗaya ne. Na sa hannu a aljihu na taɓa wayar, sai kunya ta kama ni, na tuna Sale. Na ce wa mai gadin ya yi daidai. Na zauna a bencin waje da ledar lemona, ina tsoron kar goben ta zo ba ya nan, har aka kira magariba na tashi.

Washegari huɗu saura ina bakin ƙofa, ni na fara shiga. Ya rame ƙwarai, sai idon nan irin na Baba. Matarsa ta tashi ta ba mu wuri. Na yi sallama, na ce ya jiki. Ya daɗe yana kallona.

"An ce jiya an gan ka a benci a waje."

"Ni ne."

"Kai da ka san kowa a gidan nan. Me ya hana ka shigowa?"

"An rufe ƙofa."

Ya fara dariya, dariyar ta koma tari, na ɗaga shi na ba shi ruwa. Sai da ya samu numfashi ya yi magana.

"Shekara bakwai ina zaton ni kaɗai za ka iya yi wa haka. Ashe har kanka. Yaya, tsakaninka da Allah. Da za a mayar da mu ajin nan, Sale na bugu, za ka buɗe?"

Na san abin da ake faɗa wa mara lafiya, na sha jin ana faɗa a bayan motata. Kalma ɗaya ce, kuma ba mai jin mu. Amma mutumin nan bai taɓa yi mini ƙarya ba, ko a shekarun da ba ya mini magana.

"A'a, Hamisu. Ba zan buɗe ba."

Ya lumshe ido. Na ɗauka shi ke nan, na yunƙura zan tashi. Sai na ji ya kama hannuna, na dama, wanda ya ja ranar da suka kai ni kujera.

"Da ka ce za ka buɗe, da na ce ka fita," in ji shi. "Zauna. Ɓare mini lemon nan."

Kwana tara ya ƙara, kullum ƙarfe huɗu ina bakin ƙofa. Allah ya ji ƙansa. Saudatu, in kin sake haɗuwa da tsohuwar nan ta Daurawa ki gaishe ta da kyau, ki ce mata wanda ya sayar da Hamisun shi ya yi masa wankan gawa, kuma Hamisu ne da bakinsa ya ce kar kowa ya taɓa shi sai Yaya.